Sayen gida: ƙirga kuɗinka kafin ka taya



Kowace shekara, idan kaka ta yi, aka ɗaure dammuna, aka sai da wake da gujiya, mutanen karkara da yawa sukan shiga neman gida ko fili. Wasu suna nema a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Wasu kuma a Tasawa, Madawa, Ƙonni, Magarya ko Dogon Dutsi. Wani yaransa ne suka shiga babbar makaranta a birni. Wani kasuwa ce ta ja shi. Wani kuwa iyali ne suka yi yawa, gidan uba ya yi masu kaɗan.

Cikin waɗannan mutane, akwai wanda zai sayi gida ya zauna lafiya. Akwai kuma wanda zai saya, amma kafin damina ta faɗi rumbunsa ya zama wayam, masu bin bashi suna sallama a ƙofa tun da asuba. Abin da ya raba su shi ne lissafi. Na farko ya san iyakar kuɗinsa tun bai bar gida ba. Na biyu sai da ya ga gida ya shiga ransa, sannan ya fara neman kuɗi.

Yau za mu yi bayani a kan abu biyu: yadda mutum zai yanke iyakar kuɗinsa, da yadda zai yi ciniki ba tare da ya ƙetare wannan iyaka ba.

Mu tuna ƙirgar kuɗi

Tamma 5 ita ce dala 1.
Dala 200 ita ce jika 1, wato tamma 1000.
Jika 1000 ita ce miliyon 1.

Mu a kasuwa da dala da jika muke ƙirga. Amma a takardun ofis da tamma ake rubutawa. Idan kun shirya a kan jika 1800, abin da za a rubuta shi ne 1.800.000. Ka duba da kyau, ka ƙirga sifili, kafin ka sa hannu. Sifili guda idan ya ƙaru, kuɗi sun ninka sau goma.

Mataki na farko: fidda abincin shekara

Kafin ka ƙirga kuɗin gida, ka fara da rumbu. Mutum guda yakan ci wajen buhu biyu da rabi na hatsi a shekara, buhu mai kilo 100, wanda yake ɗaukar tiya 40. Idan ku 8 ne a gida, kuna bukatar wajen buhu 20. Ka ƙara da irin shuka na baɗi.

Wannan hatsi ba na sayarwa ba ne. Kowa ya sani, hatsi yana araha da kaka, yana tsada da bazara da tsakiyar damina. Wanda ya sai da abincin gidansa da kaka don ya cika kuɗin gida, zai dawo ya sayi hatsin nan da tsada lokacin da ake noma. Ya yi hasara sau biyu.

Haka kuma gonar da kake ci da ita, da shanun huɗa, da amalanken da ke kawo maka kuɗin cefane. Su ne ƙafafunka. Gida ba ya haihuwa, ba ya ba da hatsi. Kada ka yanke ƙafa don ka sayi takalmi.

Mataki na biyu: ƙirga abin da ke hannu

Ka ɗauki kaye da alƙalami. Ka rubuta kuɗin da ke hannunka, da abin da za ka iya sayarwa ba tare da gida ya girgiza ba.

Ga misali. Waɗannan lambobi don koyon lissafi ne kawai, kowa ya sa nasa. Wani magidanci ya zauna ya rubuta haka:

Kuɗin adashi da ajiya: jika 800
Bijimai biyu na kiwo: jika 900
Rarar wake da gujiya: jika 500
Abin da ɗansa ya aiko daga ci-rani: jika 800
Jimla: jika 3000, wato miliyon 3.

Akwai abin da bai rubuta ba. Ƙanensa ya yi masa alkawarin jika 500, amma kuɗin ba su iso ba. Wani ɗan kasuwa yana riƙe da bashinsa tun bara. Yana kuma sa ran albasa za ta yi kuɗi da rani. Duk bai sa su cikin lissafi ba, kuma ya yi daidai. Alkawari ba kuɗi ba ne sai ya shigo hannu. Amfanin gonar da ba a shuka ba, Allah kaɗai ya san shi.

Mataki na uku: cire kuɗin da ke biyo bayan ciniki

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Suna tsammani wanda ke da miliyon 3 zai iya sayen gidan miliyon 3. A'a. Kuɗin da ka ba mai gida kashi ɗaya ne. Sauran kashe-kashe suna nan tafe:

1. La'adar dillali da goron shaidu.
2. Kuɗin takardu, da na mai da sunan gida zuwa sunanka.
3. Gyara. Gidan laka yana son yaɓe. Soro yana son a duba azara da indararo. Rufin kwano yana iya yoyo. Wani gidan sai an haƙa sabon salga, ko an ta da katanga.
4. Kwasar kaya, da shigo da ruwan famfo ko wutar NIGELEC idan unguwar tana da su.
5. Ajiya saboda ciwo, haihuwa ko rasuwa. Waɗannan ba su yin sallama kafin su zo.

Magidancin nan ya cire haka:

Ajiyar ko-ta-kwana: jika 300
La'ada da shaidu: jika 100
Takardu: jika 150
Gyara: jika 350
Kwasar kaya da ruwa: jika 100
Jimla: jika 1000.

Jika 3000 a cire jika 1000, saura jika 2000. Wannan ita ce iyakarsa. Ko gida ya yi kyau kamar na sarki, ba zai wuce jika 2000 ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Kuɗin takardu kada ka yi masu kintace. Ka je ofishin magajin gari, wato mairi, ka tambaya da bakinka tun kafin ciniki. Kuɗin gyara kuma magini ne zai faɗa maka.

Mataki na huɗu: lambobi uku

Yanzu ka rubuta lambobi uku a kayenka, ka rufe.

Ta farko: tayin da za ka fara da shi. A misalinmu, jika 1500.
Ta biyu: inda kake fatan ciniki ya tsaya. Jika 1800.
Ta uku: iyaka, wadda ba a ƙetarewa. Jika 2000.

Lamba ta uku sirrinka ce. Ka faɗa wa uwargida ko babban ɗanka, don su tuna maka idan zuciya ta ɗebe ka. Kada dillali ya ji ta.

Da wannan lissafi za ka san irin gidajen da ya kamata ka duba. Mai sayarwa yakan fara da kuɗi sama da abin da zai karɓa. Saboda haka mai iyakar jika 2000 yana iya duba gidan da aka sa wa jika 2200 ko 2400. Amma kada ya je kallon gidan jika 4000. Idan ya gani, zuciyarsa za ta raina duk gidan da ya fi ƙarfinsa a da, ta kai shi ga bashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Mataki na biyar: san farashin unguwa

Ba ka iya yin ciniki mai kyau idan ba ka san yadda ake sayarwa ba. Ka duba gida uku ko huɗu, kada ka tsaya a kan guda. Ka gaida mai unguwa, ka zauna da maƙwabta, ka tambayi magina. Tambayar da ta fi amfani ita ce: gidan da aka sayar kwanan nan a unguwar, nawa aka biya? Kuɗin da aka biya shi ne farashi na gaskiya. Kuɗin da ake kira a baki, fata ne na mai kaya.

Ka auna filin da kanka. Fili mai mita 20 a tsawo da 20 a faɗi, mita 400 ke nan. Mai 20 da 15 kuwa mita 300 ne. Idan an sa masu kuɗi ɗaya, na biyun ya fi tsada. Ka nemi a nuna maka duwatsun siminti na iyaka a kusurwa huɗu.

Ka duba nisan rijiya ko famfo, kasuwa, makaranta da likita. Gida mai araha a bayan gari, idan kullum sai ka biya kabu-kabu ka sayi ruwa wajen ƴan garuwa, a shekara biyar arahar ta ƙare.

Hattara da wurin ruwa

Idan ka ga gida ya yi araha fiye da na maƙwabta, ka tambayi dalili. Sau da yawa dalilin ruwa ne. Gidan yana cikin kwari, ko bakin gulbi, ko kan hanyar ƙorama.

Tsofaffin Maraɗi sun san wannan. A shekarar 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon garin da ke ƙasa, har aka mai da garin bisa tudu. A 2020 kogi ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya faɗi.

Saboda haka lokacin duba gida shi ne damina, cikin watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A ranar za ka ga inda ruwa ke kwanciya, da ɗakin da ke yoyo, da katangar da ta jiƙa. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Idan dole da rani za ka saya, ka duba gindin katanga, ruwa yakan bar alama. Ka kuma tambayi matan maƙwabta, su ne ke kwashe ruwa idan ya shigo.

Dillali

Dillalin kirki yana da amfani. Ya san gidajen da ke kasuwa, ya san masu su. Amma ka tuna, la'adarsa tana ƙaruwa idan kuɗin gida suka ƙaru. Don haka:

Ku shirya a kan la'ada tun farko, gaban shaida. Nawa ce? Wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa, ko ku biyu?
Kada ka bari dillalai su yi maka jerin gwano, wannan ya kawo wancan, kowa yana jiran rabonsa.
Ka nemi ganin mai gida ido da ido. Wani dillalin yakan ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya faɗa.
Kada ka ba dillali kuɗin gida ya kai. Ka ba mai gida hannu da hannu.

Ranar ciniki

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da dattijo mai sanyin zuciya, da magini. Kada ka tafi da kuɗi a aljihu ranar farko. Kada ka yabi gida gaban mai shi, kada kuma ka kushe shi don wulaƙanci. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka sa masa kuɗi.

Ga yadda cinikin magidancin nan ya gudana, bayan gaisuwa:

— Alhaji, nawa ka sa wa gidan?
— Jika 2400, Malam. Ka ga wurin da kanka.
— Na gani, wuri ya yi. Na taya jika 1500.
— Albarka.
— Alhaji, ga magini nan. Ya ce katangar gabas sai an ta da ita, ɗaki guda kuma sai an sake azara. Aikin zai ci jika 350.
— To, na rage 200. Kawo 2200.
— Na ƙara 150. Jika 1650, kuma kuɗi a hannu, ba saura.
— Albarka. Akwai wanda ya taya 2100 jiya.
— Idan haka ne, Alhaji, Allah ya sa alheri. Ba ni shiga cinikin wani. Idan bai dawo ba, dillali ya san inda nake.

Ya yi sallama ya tafi duba wani gida. Bayan kwana shida dillali ya zo nemansa. Suka koma, ya ƙara kaɗan, Alhaji ya rage, aka sallama a jika 1850. Ya rage masa jika 150 ƙasa da iyakarsa.

Me za mu koya a nan?

Ya fara da tayi na mutunci. Tayin da ya yi ƙasa ƙwarai zagi ne, yana rufe ƙofar ciniki.
Ya kawo dalili, wato kuɗin gyara daga bakin magini.
Yana ƙari kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi tsalle daga 1500 zuwa 1900 ya nuna akwai sauran kuɗi a bayansa.
Ya nuna kuɗinsa a shirye suke. Mai sayarwa da ke da bukata ya fi son kuɗi yau da alkawarin gobe.
Da aka ce wani ya taya, bai firgita ba. Wata rana gaskiya ce, wata rana dabara ce. Ko wace ce, iyakarsa ba ta canza ba.
Ya iya tashi ya tafi. Wannan shi ne babban ƙarfin mai saye.

Ba kullum ne dillali zai dawo ba. Wata rana gidan zai tafi ga wani. Wannan ba hasara ba ce, kuɗinka suna nan, gidaje kuma ba su ƙare ba. Sauri ya haifi nawa.

Idan mai gida ya ƙi rage kuɗi, akwai wasu hanyoyi. Ka ce shi ya biya la'ada. Ko ya gyara katanga kafin ka shiga. Ko ya bar maka ƙofofin ƙarfe da tubalin da ke tsakar gida. Duk abin da ya ɗauke maka, ragi ne.

Biya kashi-kashi da cin bashi

Wani mai gida yakan yarda a biya shi sau biyu ko sau uku. Wannan yana da kyau idan ka san inda sauran za su fito. Ku sa ranar biya ta dace da lokacin da kake samu: bayan kaka, bayan an kwashe albasa, ko gab da Layya idan kana kiwon raguna. A rubuta kowane biya, da ranarsa, da sa hannun shaidu. A kuma rubuta abin da zai faru idan ka makara.

Idan bashi za ka ci a banki ko a asusun ajiya da lamuni, ka yi tambaya guda: gaba ɗaya nawa zan mayar? A rubuta maka jimlar. Mai albashi kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Manomi kuwa ya tambayi kansa: idan damina ba ta yi kyau ba, da me zan biya? Idan amsar ita ce gona, to a haƙura, a ƙara tari shekara guda. Ko a sayi fili a yi ɗaki ɗaya da katanga, a riƙa ƙari a hankali.

Kada kuɗi su fita sai takarda ta fito

Gida mai rikici ya fi kowane gida tsada, ko nawa ka saye shi.

A birni, inda aka yanka filaye, ka nemi takardar mallaka wadda ma'aikata ke kira akt da sesiyon, ko babbar takarda mai suna titir fonsiye. Ka gwada sunan da ke kanta da na katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Ka kai lambar filin ofishin da ke kula da filaye, a duba maka cikin littafi. An sha sayar da fili guda ga mutum biyu.

A karkara, tun dokar ƙasa ta 1993 da ake kira Kod Rural, an kafa kwamitocin ƙasa, wato Kofo, a ƙauyuka da komin da departama. Na ƙauye mai gari ne shugabansa. Su ne ke ba da takardar shaidar sayarwa. Ka bi ta wurinsu.

Idan gidan gado ne, ka yi hattara sosai. Sai an raba gado, ko dukan magada, maza da mata, sun yarda sun sa hannu. Ɗa guda ba ya sai da gidan mutum goma. Wanda ke ci-rani zai dawo wata rana, ya kai ka gaban alƙali.

Ka tambaya ko an jinginar da gidan, ko akwai bashin ruwa, wuta ko haraji a kansa. Idan akwai, a cire daga kuɗin gida.

Idan za ka ba da kafin alƙalami, ka ba da kaɗan, a rubuta. A faɗa a takarda cewa za a mayar maka idan takardun gida ba su fito daidai ba. Ka karanta da kanka. Idan da Faransanci aka rubuta, ka zo da naka mai karatu, kada ka dogara da na mai sayarwa.

Ga masu neman haya

Lissafin ɗaya ne. Ka san abin da kake samu a wata mara kyau, ba a wata mai kyau ba. Kuɗin haya kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin uku idan ya matsa. Ka tambaya wata nawa za a biya gaba, wa ke biyan ruwa da wuta, wa ke yaɓe kafin damina. A rubuta, kuma ka karɓi rasit kowane wata.

Abin da za a riƙe

1. Abincin shekara, iri, gona da shanun huɗa ba su cikin kuɗin gida.
2. Ƙirga abin da ke hannu kaɗai.
3. Cire la'ada, takardu, gyara da ajiya. Abin da ya rage shi ne iyakarka.
4. Rubuta lambobi uku, ka ɓoye ta ƙarshe.
5. Duba gida fiye da ɗaya, ka gan shi da damina.
6. Idan ciniki ya wuce iyaka, yi sallama ka tafi.
7. Takarda da shaidu kafin kuɗi.

Ga aiki ga mai son gwada kansa. Mutum yana da jika 2500. La'ada da takardu za su ci jika 200, gyara jika 300, yana son ya ajiye jika 250. Mece ce iyakarsa? An sallama masa gida a jika 1900. Ya saya, ko ya haƙura? Ku yi lissafin a kaye, ku tattauna da ƴan uwa da dare.

Allah ya ba kowa muhalli na zaman lafiya.